Gangar Jikin Siriri

A aji huɗu akwai wani yaro da ake kira Gwani, don kullum shi ke fara ɗaga hannu. Abokin zamansa kuwa Siriri ne, yaro shiru-shiru mai yawan tari.

Ran nan Malama ta zana mutum a allo, ba kai, ba hannu, ba ƙafa.

"Daga kafaɗa zuwa ƙugu, wannan ita ce gangar jiki," in ji ta. "Wa zai gaya mini me ya kawo ganga cikin sunan?"

Gwani ya yi ta sosa ƙeya. Sai Siriri ya miƙe, ya bubbuga ƙirjinsa. Dum! Dum!

"Malama, ina jin don ta yi kama da ganga ne. In an buga, tana amsawa."

"Madalla! Ni ma haka nake gani. Kai za ka yi wannan bayani ranar taron iyaye."

Aji ya ɗauki tafi. Gwani bai tafa ba. Hassada ta cika masa ciki fal.

Da aka fita hutun tara, ya tare Siriri a bayan aji.

"Wai kai ne mai ganga? Da wannan ƙirjin kamar faranti? Kawo in kaɗa maka!"

Ya dunƙule hannu ya dirka masa a ƙirji. Siriri ya durƙushe yana tari, numfashinsa sama-sama. Nan take idon Gwani ya raina fata.

A ɗakin magani, nas ta ce kada a sake buga ƙirjin nan sai ya warke. Ga shi taro ya matso.

"Me ya yi maka?" Malama ta tambayi Gwani.

"Ba komai, Malama. Haushi na ji don an yabe shi."

"Yabon nasa ya rage maka wani abu?"

Gwani ya girgiza kai, hawaye na zuba. "Siriri, ka yafe mini."

Siriri ya ɗan yi murmushi. "Na yafe. Amma tunda ka fasa tawa gangar, sai ka ara mini taka."

Ranar taro, Gwani ya tsaya ƙiƙam gaban iyaye. Siriri yana bayani yana bubbuga masa ƙirji a hankali. Dum! Dum! Kowa ya yi dariya. Da aka gama, Gwani ne ya fara tafawa.

Tun daga ranar ya gane cewa hassada cutarwa take yi, kuma in an yabi abokinka, taya shi murna ya kamata ka yi.