Kwas Ɗin Gindin Buhu

Barira na zaune a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, Nuriyya ta fito daga ɗaki da waya a hannu tana dariya. Yusha'u ya samu admishin a jami'a, Yusha'un Ruwan Bago wanda magabatansa suka zo neman aurenta tun bara.

Barira ta yi hamdala, ta tambayi abin da zai karanta. Nuriyya ta ce tarihi.

Duk Kafin Dafga an san Barira. Tun rasuwar mijinta take kai gyaɗa kasuwar Rogo, ba a taɓa jin ta sallama a tayin farko ba. Boko ba ta yi ba, amma ta ce a karanto mata jerin duk kwasa-kwasan da jami'ar ta kasa. Nuriyya ta fara daga sama: kwamfuta har iri uku, kimiyyar siyasa, sosholoji, tattalin arziki, can ƙarshe tarihi.

"A ƙarshe kika ce?" Barira ta ture faifan. "Auta, shekara ashirin ina kwance bakin buhu. Mai kyau a sama yake, ƙura da tsakuwa a gindi. Sun ga ɗan ƙauye, sun kakkaɓe masa gindin buhu."

Nuriyya ta ce shi ya zaɓa da kansa, tun yana ƙarami ba shi da wurin zama sai majalisar tsofaffi, yana sauraron labarin kafuwar garuruwa. Uwar ta ce ai wannan ya fi muni, mutum ya shiga kasuwa ya nufi na ƙasa.

Da yamma Yusha'u ya zo, ya durƙusa daga ƙofar zaure ya gaishe ta. Ta bari sai da ya gama, sannan ta ce ya koma jami'ar ya ce musu albarka. Ko kwas na saman jerin, ko maganar aure ta tsaya. A hankali ya ce lissafi bai taɓa zama masa a ka ba, kwamfuta kuwa lissafi ce.

"To ka zaunar da shi," in ji ta.

Nuriyya ta yi kuka, ta roƙe shi a waya kada ya saki abin da ke hannunsa. Ya ce gara ya saki tarihi da ya sake ta. Ya bar gurbin, ya zauna shekara guda, ya sake jarrabawa, da ƙyar ya samu kwamfuta. Barira ta raba ƙuli-ƙuli gida-gida tana cewa taurin ciniki ya yi rana.

Shekarar farko ya faɗi darasi huɗu. Ta biyu suka zama tara. Ya rame, ya daina dariya, in Nuriyya ta kira sai ya ce yana lakca. A ƙarshen shekarar jami'a ta sallame shi. Ya koma gonar mahaifinsa, kunya ta hana shi taka Kafin Dafga.

Manema suka yi ta zuwa, Nuriyya ba ta fita ko zaure ba. Ba ta taɓa ɗaga wa uwarta murya ba, sai dai abinci ya daina shiga.

Ranar wata kasuwa Malam Abdulsalami, malamin sakandaren Rogo, ya zo awon gyaɗa, Barira ta shiga ƙorafin yadda aka cuci Yusha'u tun daga ba shi kwas ɗin ƙarshen jeri. Malamin ya ce mata jerin nan ba na daraja ba ne. Tsangaya-tsangaya ake rubuta shi kawai, a wata jami'ar ma tarihi ne ke sama.

Barira ta tsaya da tiya a hannu. "Ba ma'auni ba ne?"

"Ba ma'auni ba ne, Inna."

Ba ta ƙara sayar da ko ƙwara ba. Ta hau acaɓa zuwa Ruwan Bago, ta tarar da Yusha'u yana cirar gyaɗa. Ya yar da fartanya ya durƙusa. Matar da ba ta taɓa ba kowa haƙuri ba ta tsaya a cikin kunya ta dube shi.

"Ɗan nan, na yi ciniki a kan abin da ban san kansa ba, kai ka ɗauki asarar. Shekarun nan uku ba ni da inda zan samo maka su. 'Yata dai tana nan, ba ta kalli kowa ba."

Bayan girbi aka ɗaura aure. Yusha'u ya sake jarrabawa karo na uku, ya shiga ajin tarihi da sa'o'in ƙannensa. Barira ba ta ga ƙarshen karatun ba, ciwon kwana shida ya ɗauke ta yana aji biyu. Ranar da aka yaye shi Nuriyya na goye da 'yarsu, ta yi guɗa ɗaya kuka ya sarƙe ta.

Haƙuri ya ba su juna, amma bai mayar musu da abin da ya wuce ba. Iyaye, in yaro ya kawo muku abin da ba ku sani ba, ku tambayi masu sani kafin ku yanke. Tambaya ba ta rage girman kowa.