Ƙudan Lambun Malam Bawa

Ranar da Maniru ya fara ganin Rahamatu, ta kawo wa mahaifinta Malam Bawa fura ne a lambun albasarsa da ke Dandin Mahe, ta tarar da baƙo durƙushe yana farautar ƙuda da kwalba. Sabon malamin gona ne da aka turo daga Bodinga a sanyin 1982, shekarar da takin zamani ya koma abin da ake ji a rediyo kawai.

"Malam, abin da anka koya muku a makaranta ke nan?"

Ya ce mata wannan ba ƙudan gida ba ne, ya fi ƙanƙanta, launin toka gare shi, kuma ba ruwansa da furarta. Ta yi dariya. Kafin mako uku yana kiranta Rahama tawa, tana kiransa Sarkin Ƙuda.

Sai albasa ta fara ruɓewa daga gindi. Malam Bawa, mutumin da ko gaishe shi aka yi sai ya tambayi dalili, ya lura cewa shekara talatin yana noman rani bai ga haka ba sai da mai kwalba ya zo. Sodangi, wani mai shanu daga Horo Birni, wanda shi ma yake neman Rahamatu har ya kawo wa tsohon kyautar takin shanu amalanke biyar, ya taimaka da bayani: ai ma'aikatan gwamnati su ke sakin ƙwari don a sayi maganinsu. Aka hana Maniru shiga zaure.

Rahamatu ta rubuto masa: "Sarkin Ƙuda, Baba ya ce bayan salla zai ba Sodangi ni. Ni ma ina son sani, mi kake yi da kwalaben nan? Kada ka yi mini ƙarya. Taka, in kana da gaskiya."

Maniru ya sami tsohon a lambu, ya roƙi a yi gwaji. Malam Bawa ya yarda, da sharaɗin kada ya taɓa komai. Da hannunsa ya tsinci tsutsa daga ruɓaɓɓiyar albasa ya zuba a ƙwarya da damshin ƙasa, ya tsinci wata daga tulin takin Sodangi ya zuba a ƙwarya ta biyu, ya ɗaure bakinsu da ƙyalle, ya kulle a ɗakinsa. Makullin a wuyansa yake har masallaci.

Bayan kwana ashirin aka kwance a gaban shaidu. Ƙuda iri ɗaya ne a duka biyun, mai launin toka da layi a baya. Maniru ya ce ƙudan saiwa ne, kuma ɗanyen takin da bai gama ruɓewa ba shi ke kiransa ya yi ƙwai. Sodangi ya rantse da kyakkyawar niyya ya kawo, wanda gaskiya ne, kuma bai amfane shi da komai ba.

Tsohon ya juya ga Maniru.

"Na ba ka ita. Ba don na yarda da kai ba. Wanda ya san ƙuda haka, gara shi zamna inda idona ka ganinai."

Aka ɗaura aure bayan salla. Da za a kai amarya, Malam Bawa ya dafa kanta, ya ce Allah shi yi albarka, shi ba su zuri'a tagari. Maniru ya amsa da amin mai ƙarfi, surukin ya waiwayo ya tambaye shi me ya sa yake murna haka.