Magaribar da Keken Surfani Ya Yi Shiru

Yammacin ranar bai bambanta da sauran ba. Inno tana tankaɗe a ƙofar madafi, awaki sun dawo da kansu, hasken rana ya koma saman katanga. Abu ɗaya ne ya ɓace daga gidan marigayi Malam Halliru mai surfani, a garin Tsafe, wato ƙarar keken da aka saba ji daga la'asar har kiran salla.

Keken irin wanda kwamfuta ke sarrafawa ne. A zana ado a fuskar kwamfuta, a tura ta wayar da ke jone da keken, allura ta bi zanen a wuyan riga. Malam Halliru ya yi shekaru yana aiki da shi a ɗan ɗakin da ke jikin zaure, tare da wata tsohuwar laftof baƙa mai nauyi, wadda fankarta ke huci tana fitar da iska mai ɗumi ta gefen hagu. Da ya rasu, 'yarsa Muzdalifa ta gaji kujerar, kuma da wannan aiki take riƙe da mahaifiyarta, Inno.

Yayanta Khalid ma'aikacin ofis ne a Gusau. Ranar da ta tafi suna 'Yankuzo ya zo ya ɗauke tsohuwar laftof ɗin, ya kawo sabuwa a madadinta, siririya, mara nauyi. Ya ce ƙwaƙwalwarta irin ta wayar hannu ce, ba ta zafi, ba ta da fanka, batirinta yakan wuni ya kwana. Muzdalifa ta shafa bayanta, ta yi tambaya ɗaya, ko keken zai yi aiki da ita.

"Komai zai yi," in ji Khalid. "Ni zan kawo miki abin da zai cuce ki?"

Ta jona wayar keken, kwamfutar ba ta nuna ta ga komai ba. Ta sa ɗan makullin da manhajar zane ke nema kafin ta buɗe, shi ma kamar ba a sa ba. Wani mai gyara a bakin tasha ya duba, ya yi mata bayani a hankali. Ya ce irin wannan kwamfuta tana iya fassara wa kanta manhajoji da yawa da aka rubuta don tsohuwar ƙwaƙwalwa, amma 'yar manhajar da ke magana kai tsaye da keke ko makulli, wadda suke kira direba, ba ta fassaruwa. Sai masu ƙera keken sun rubuta sabuwa, su kuwa ba su rubuta ba.

A yammacin nan Muzdalifa tana zaune a gaban keken da ya yi shiru, rigunan mutane jibge a gefenta, ladan ya fara kira. A lokacin dutse na farko ya faɗo kan kwanon ɗakin.

Inno ta zaci yaran unguwa ne. Ta leƙa lungu, ba kowa. Washegari duwatsun suka dawo a daidai wannan lokaci, ƙanana, masu sanyi kamar an tsamo su daga rijiya. Bayan su wani huci ya soma fitowa daga ɗakin, irin hucin tsohuwar fanka, alhali babu sauran fanka a ciki. Inno ta tsaya a tsakar gida da buta a hannu, tana jin yadda hucin ke tashi yana sauka kamar numfashin mai rashin lafiya.

Ba a jima ba Muzdalifa ta daina cin abinci. Da rana takan amsa gaisuwa da kyar. Idan rana ta sunkuya sai a same ta a ƙarƙashin tebur, ta gefen hagu, ta dunƙule jiki tana rawar sanyi, hucin nan yana fitowa daga bakinta. Wata magariba Inno ta kama hannunta za ta janyo ta, sai yarinyar ta dube ta da idon da ba nata ba.

"Sake ni, Inno. Ba da ke nike ba."

Muryar ta tsohuwa ce. Inno ta ja da baya tana salati, ta aika a kira Khalid, ta kuma aika Bungudu wurin Malam Mannir, dattijon malami da aka sani da ruƙiyya.

Washegari Malam ya iso kafin faɗuwar rana. Ya sa aka shimfiɗa masa buzu a bakin ƙofar ɗakin, ya ce Inno da Khalid su zauna a bayansa. Ya daɗe yana karatu da murya ƙasa-ƙasa, inuwa tana cika ɗakin, har sai da yarinyar ta toshe kunnuwa ta fara kuka. Sannan ya tambayi wanda ke ciki sunansa.

"Sunana Tambaya," in ji muryar. "Tun ba a aza tubalin ɗakin ga ba nike nan. Na tsufa, Malam, sanyi na cin ƙashina."

Ta ce Halliru ya taɓa ganinta sau ɗaya, bai kore ta ba. Ya ce ta zauna a kusurwarta inda iska mai ɗumi ke fitowa, da sharaɗin kada ta taɓa 'ya'yansa. Ya riƙe alkawari, ta riƙe, har bayan ransa. Sai rana ɗaya aka shigo ba sallama, ba bismilla, aka ɗauke abin da ke ba ta ɗumi, aka ajiye mata wani mai sanyi kamar dutsen niƙa.

Malam ya ce kuskure ne na wanda bai sani ba, kuma ba a kama yarinya da laifin rashin sani. Muryar ta yi wata 'yar dariya mara daɗi.

"Ya sani. Na bi abina har shagon Gusau. Mai shagon ya ce mashi keken surfani ba ya yi da sabuwar. Shi kuma ya ce, haka nike so."

Malam bai juya da sauri ba. Ya ce aljani ba shaida ba ne, ba a yanke hukunci da maganarsa. Sannan ya dubi Khalid, ya tambaye shi ko hakan ya faru.

Khalid bai musa ba. Ya ce ba ya son ƙanwarsa ta ƙare a ɗan ɗakin nan tana karɓar rigunan maza. Ya sha ce mata ta dawo Gusau ta yi karatu, ta ƙi. Ya ga idan keken ya tsaya za ta yarda. Inno ta ja gyalenta ta rufe fuska.

Tambaya ta ce a dawo mata da abinta ta koma kusurwarta. Khalid ya ce an goge tsohuwar laftof ɗin, an kuma kwance kayan cikinta. Sai ta ce to za ta zauna inda take, jikin yarinya da ɗumi.

"Kusurwa Halliru ya ba ki," in ji Malam. "Bai ba ki 'ya ba. Da bakinki kika yarda ba za ki taɓa 'ya'yansa ba. Wanda ya cuce ki bai yi miki alkawari ba, ke kuwa kin yi."

Can muryar ta dawo a raunane, ta ce za ta tafi kufan 'Yandoto inda danginta suke, amma sai wanda ya shigo ba sallama ya yi mata sallamar da ya hana ta. Malam ya ce ba ya yi wa aljani hidima, amma sallama haƙƙin maƙwabci ce. Khalid ya miƙe, ya tsaya a bakin ƙofa, ya yi mata sallamar.

"Na amsa," in ji Tambaya. "Muzdalifa, ni na fita. Shi kuwa ɗan'uwanki ne, Malam ba ya iya fitar miki da shi."

Yarinyar ta yi atishawa mai ƙarfi, ta kife. Da ta farka ta nemi ruwa da muryarta. Daga ranar ba a sake jin dutse ba.

Khalid ya samo wata tsohuwar laftof ta hannu, mai irin ƙwaƙwalwar da, keken ya tashi. Amma zane-zanen da Malam Halliru ya tara tsawon rayuwarsa sun tafi da wadda aka goge. Muzdalifa takan aika gidajen dattawan da mahaifinta ya yi wa aiki, ta aro tsofaffin rigunansu, ta shimfiɗa a tebur tana kwaikwayon adon zare bayan zare. Wasu ta samo, wasu an riga an yi sadaka da su.

Idan Khalid ya zo daga Gusau takan durƙusa ta gaishe shi, ta kira shi Yaya, ta kawo masa ruwa, sannan ta koma ɗakinta ta ja ƙofa. Sabuwar laftof ɗin tana saman kabad ɗin Inno, naɗe cikin zane. Ya taɓa sauko da ita bayan damina, ya buɗe, ta kama nan take, da sauran caji a batirinta. Ya zauna da ita a cinya yana jin ƙarar keke ta bayan ƙofar da ba a buɗe masa ba.