Kujerar Bridie

Kabewa ce ta haɗa su. Wata Asabar ce a ƙarshen Oktoba, ganyaye sun yi ja suna ta zuba. Nuala, malamar makaranta, ta fito daga kasuwa rungume da ƙatuwar kabewar da 'yan ajinta za su fafe saboda bikin Halowin, daren da yara ke bin gidaje suna karɓar alewa. Ta taka jiƙaƙƙen ganye, santsi ya kwashe ta, kabewa ta kama gangara ta nufi bakin teku. Wani dogo mai rigar ruwa ya tare ta da ƙafa.

"Taki ce wannan mai gudun?"

"Tawa ce. In ka gama dariyar ka miƙo min."

"Ai ban ma fara ba," in ji shi, ya saɓa kabewar a kafaɗa ya raka Nuala har ƙofar makaranta.

Fintan sunansa, ma'aikaci a jirgin kamun kifi. Kafin yamma saƙonsa ya shigo: "Mai kabewa, kafaɗata na ciwo. Shayi kofi ɗaya ne maganinta."

Ta daɗe tana murmushi, sai kuma ta tsorata da kanta, don rabonta da murmushi a watan Oktoba shekara biyu ke nan.

A satin Halowin mahaifiyarta, Bridie, ta rasu. Kafin nan babu gidan da ya kai nasu raha a wannan rana duk ƙauyenmu na gaɓar Donegal. Bridie kan gasa burodin zabibi ta ɓoye zoben gwangwani a ciki, wanda duk ya samu a yankansa a ce shi ne zai riga kowa aure. Takan kunna kyandir a taga, ta ja kujera kusa da murhu, ta ajiye yanka ɗaya a faranti saboda mamatan gidan, kamar yadda iyayenmu suka saba. Tun da ta tafi, Malachy, baban Nuala, ya hana duk wannan. In ranar ta zo sai ya kashe fitilar ƙofa, yara masu shigar dodanni su wuce gidan ba su ƙwanƙwasa ba.

Sanyi ya wuce, furanni suka fito, soyayya ta yi nisa. Ita ce Mai kabewa, shi ne Sarkin ruwa. Ranar da ta kawo shi gida, Malachy ya dubi hannuwansa da igiya ta cinye, nan take ya haɗe rai. Ya ba shi shayi dai, don ba ma korar baƙo da bushewar baki. Fintan na fita Malachy ya ce:

"Ban yarda ba."

"Baba, ko magana ba ka yi da shi ba."

"Hannunsa ya faɗa min komai. Shekara talatin ina cikin teku, uwarki tana tsaye a wancan tagar. Ranar da ta faɗi ina can ina jan koma. Na dawo da kifi cike da jirgi na tarar an rufe mata fuska. Ba zan ba da 'yata ta tsaya a taga ba."

Nuala ta san gaskiya ya faɗa, kuma ita kaɗai ta rage masa. Ta rubuta wa Fintan: "Sarkin ruwa, ka yi min haƙuri. Ba zan iya rabuwa da kai ba, ba zan iya taka Baba in wuce ba. Ban san yadda zan yi ba."

Ya amsa: "Jira sana'ata ce, Mai kabewa. Ina nan."

Haka suka yi ta jira har wata kakar ta zagayo. Amma ƙauye ba ya barin mutum ya yi jiransa cikin rufin asiri. Saura kwana uku Halowin aka yi shagali a zauren gari, Fintan aka ba wa wuƙa ya yanka burodi, zobe kuma ya faɗo a rabon Dervla, 'yar mai jirginsu, wadda ta daɗe tana masa kallon nata. Ta zura shi a yatsa, ta jingina da kafaɗarsa, aka ɗauki hoto. Washegari mutum huɗu ne suka nuna wa Nuala hoton, kowa da fuskar tausayi, alhali daɗin tsegumi ne ya kawo su.

Nuala ta san zoben gwangwani ne. Abin da ya cinye ta shi ne, Dervla ba ta da uban da zai ce a'a. Ta rubuta: "Ka je inda ƙofa take buɗe. Na sake ka."

Ya kira sau tara ba ta ɗaga ba. Sai ya turo: "Burodi na yanka, ba alkawari ba. In kin gaji da ni ki faɗa, amma kar ki ce don ni kike yi."

Ta kifa wayar, ta shiga ɗakin girki, ta ɗauko kwanon gasa burodin mahaifiyarta daga saman kabad, ta rungume shi ta yi kuka mai cin rai. "Mama, da kina nan da kin san abin da za ki faɗa masa," ta ce. Ba ta san Malachy na tsaye a bakin ƙofa da takalmansa a hannu ba.

Ranar Halowin ta dawo daga makaranta da la'asar ta tarar da hayaƙi na fita ta taga. Ta shiga da gudu. Ga babanta da garin fulawa har gira, ga wani baƙin abu a kan tebur mai kama da bulo. An kunna kyandir a taga. An ja kujerar Bridie kusa da murhu. A gefe kuma Fintan ne zaune a takure, hularsa a gwiwa.

"Ni na kira shi," in ji Malachy. "Zauna, kar ki tsaya kina kallona."

"Baba, wannan burodi ne?"

"Da haka aka yi niyya."

Ya yanka da ƙyar. Na farko ya sa a faranti ya ajiye gaban kujerar da ba kowa. Sannan ya juya burodin yana ƙura masa ido, ya zaɓi wani yanka ya tura wa Fintan.

"Ci a hankali, yaro. Haƙoranka za su yi maka amfani nan gaba."

Fintan ya tauna, ya tauna, ya haɗiye. Babu komai. Malachy ya ba shi na biyu, ya ba Nuala, ya ci nasa, suka farfasa ragowar har ɓarɓashi. Zobe ya ce ku neme ni. Tsohon ya zauna jagwab, fuskarsa ta yi fari.

"Ba na gwangwani ba ne," ya ce. "Zoben auren Bridie na sa. Ita takan jera zabibi uku a saman wurin da zoben yake, ta san wanda za ta ba wa. Haka ta yi min shekara talatin da biyar da suka wuce, sai da muka tsufa ta faɗa min. Na jera nawa, wuta ta ƙone su duka. Ko wannan ɗin na kasa yi mata."

Ya rufe fuska da hannu. Nuala ba ta taɓa ganin kukansa ba, ko ranar jana'iza.

Sai idonta ya kai kan kujerar. Ta tashi a hankali, ta durƙusa, ta ɗauki yankan da aka ajiye wa mahaifiyarta, ta ɓare shi biyu. Zoben ya faɗo cikin farantin, ƙararsa ta cika ɗakin.

Malachy ya daɗe yana kallon kujerar, hawaye na bin gemunsa.

"Kin ga halinki, Bridie," ya ce. "Ba ki taɓa yarda in yi rabo a gidan nan ba." Ya juya ga Fintan. "Ɗauka, daga hannunta ya fito. Amma ka ji ni: in Nuala ta ce kar ka fita yau, kar ka fita. Ni Bridie ta ce min, na fita."

"Na yi alkawari, Baba," in ji Fintan. Ya kama hannun Nuala. "Mai kabewa, har yanzu a sake nake?"

"Yi min shiru ka sa min," ta ce tana kuka.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Yara ne, sun ga haske. Malachy ya share fuska, ya duba gidan kaf babu alewa ko ɗaya, sai ya juye musu tuffa a jaka.

Da wata kakar aka ɗaura auren a ƙaramin cocin kan tudu, ganyaye na zuba a kan lulluɓin amarya. A wurin liyafa an bar kujera ɗaya ba kowa, da yankan kek a gabanta. Malachy ya tashi da kofinsa, ya nemi doguwar maganar da ya shirya ya rasa.

"Allah ya yi muku albarka," ya ce. "Allah ya dawo da shi gida kullum. Ke kuma 'yata, duk ranar da za ki tsaya a taga, ki kira ni mu tsaya tare."