Nasarawa Ta Nesa

"Ni fa na fasa, Zakariyya!"

Zakariyya ya ɗago daga kujerar zauren yana duban Safiyyah kamar bai ji da kyau ba. Ma'aikacin jinya ne, karatu ya kawo shi Kano, ya kuwa gama. Garinsu Nasarawa, amma ba ƙaramar hukumar Nasarawa ta nan maƙwabciyar Tarauni ba, waccan ta jihar Nasarawa da sai an wuce Abuja. Can mahaifiyarsa ke jiransa.

"Haba masoyiyata... saura me a ɗaura auren?"

"Wa zai kula da Baba? Ɗazu na ji yana ce wa Gwaggo wai Nasarawa za a kai ni, ta nan kusa da mu. Ya fara rikicewa! Mutumin da ɓarin jikinsa ya shanye, in tafi in bar shi da wa?"

"Ni ma tsohuwata ba ta da kowa sai ni."

"To ka gani..." Muryarta ta karye, ta shige gida tun kafin ya ga hawayenta. Son sa take kamar ranta, shi ya sa abin ya fi ciwo.

A tsakar gida ta tarar da Baba, Malam Idris, yana kokawa da buta da hannu ɗaya. Ruwa ya jiƙa masa riga sharkaf. Ta sunkuya za ta karɓa, ya janye.

"Bar ni, koyo nake."

"Baba, Nasarawar nan fa ba ta Kano ba ce."

Ya yi 'yar dariya da gefen bakin da ke motsi. "Ni da na tsufa a aikin ƙananan hukumomi za ki koya wa taswira? Na san wacce ce, 'yar nan."

"To me ya sa..."

"Kin san dangina. Da sun ji nisan za su taru su ce a ɗaga biki sai na warke. Ni kuwa warkewata sai Allah. Mahaifiyarki ta rasu, kin yi jinyarta. Ba za ki ƙare a jinyata ba."

"Wallahi ba zan iya ba, Baba!"

"Umarni na ba ki, ba shawara ba. Yayanki Sulaiman zai dawo nan da iyalinsa. Je ki kira yaron nan kafin ya yi nisa."

Haka aka yi. Dangi ba su gane ba sai bayan ɗaurin aure, da suka ga an ɗora kayan ɗaki a babbar mota mai tafiya jihar Nasarawa. Gwaggo ta yi faɗa har muryarta ta dishe, ƙarshe dai ita ta fara shiga motar rakiya tana tsaki.

Safiyyah ta durƙusa gaban Baba tana kuka. Ya ce ta yi haƙuri, ta riƙe salla.

Motar na barin layinsu na Gyaɗi-Gyaɗi ta ɗage mayafi ta waiga. Ga Baba tsaye a ƙofar gida, shi ya fito da kansa, ba wanda ya riƙo shi. Ta yi ta ɗaga masa hannu tana kiran sunansa. Bai ɗago nasa ba, don hannun da ya rage masa da shi ya dafe bango.