Tsamin Taiba

Hantsi bai gama fitowa ba Sajan Mainasara ya iso shagon Taiba da ke bakin tashar Talata Mafara, ya tarar da ita riƙe da tukunya wayam.

A zuciyarsa ya ce an tashe shi a banza. Ba a fasa ƙofa ba, buhunan fulawa na nan, garin gahawar da Turawan aikin dam ɗin Bakolori ke zuwa sha ma ba a taɓa ba. Wai kwaɓi aka sace!

"Ba kwaɓi ba ne, Sajan, uwar tsami ce," in ji Taiba. "Wani kukun Turawa ya ba maigidana kahin shi rasu. Da ita burodina ka tashi. Kullum sai na ciyar da ita fulawa da ruwa. In ta wuni cikin zahin nan ba a ba ta ba, ta mutu, shagon ga ya mutu. Kukun ya koma ƙasarsu."

Nan Sajan ya daina murmushi. Mutum uku ne suka shiga ɗakin gashi tun safe, ya sa aka tsayar da su.

Da Sallau mai itace ya fara. Daga Damri yake, da jakinsa. Sajan ya zazzage mangala, ya laluba aljihunansa. Babu komai sai goro rabi.

"Ranka shi daɗe, abin da ka wari kamar tsohon kunu? Ko kyauta ban so."

Sai Husaina, ƙanwar marigayin, mai taya murza kwaɓi. Kowa a tasha ya san tana ƙorafin cewa gadon yayanta ne.

"Kin iya kiwon abin nan?"

"Shekara ukku ina yi."

"Nawa mutum ke buƙata ya fara nashi?"

"Cokali guda. Kwana biyu ya cika tukunya."

Sajan ya dube ta, ya ce ta koma bakin aiki.

Saura Jatau, direban a-kori-kura mai kai burodi sansanin ma'aikata a Maradun. Sai duba agogo yake yi. An bincika bayan motar, ba a ga komai ba sai kwandunan burodi.

"Yallaɓai, in tahi? Ma'aikata na jira."

"Gyara motar tukuna, ta tare hanya. Kai ta can, ka rufe gilasai saboda ɓarayi."

Can ɗin fili ne fetal, ko inuwar kara babu. Sajan ya ja benci ya ce a kawo musu gahawa. Ya tambayi Jatau lafiyar gida, da ta yara, da labarin damina. Ya sake tambaya. Taiba ta ji kamar ta shaƙe shi, ga rana na hawa, shi kuwa sai kurɓa yake yi kamar ranar sunan ɗansa. Shi ma Sajan ya san in lissafinsa ya kuskure, shi ya kashe mata abin da hannunsa.

Gumi ya jiƙe wa Jatau riga. Kofinsa ya huce bai taɓa ba.

Ana gab da kiran azahar aka ji fau! daga cikin motar. Sajan ya buɗe ƙofa, warin tsami ya buge shi. A ƙarƙashin kujera, bayan taya, gwangwanin madara ya yi wurgi da murfinsa, kwaɓi na tumbatsa.

"Wanda ya san abin nan cokali zai ɗiba, ba mai ganewa," in ji Sajan. "Wanda ya kwashe duka bai san shi ba. Wanda bai san shi ba kuwa zai danne murfi kamar man shanu, ya manta abu ne mai numfashi. Rana kawai na jira."

Jatau ya durƙusa. "Ruwan dam ya ci gonata, Inna. Na ce in buɗe gashi a Maradun, in samu abin ba ɗiya."

Taiba ba ta ko dube shi ba. Ta kwashe abin da ya rage cikin tukunya, ta zuba fulawa da ruwa, ta juya, ta tsaya. Can sai ƙananan kumfa suka fara ɓullowa. Hawaye ya zubo mata.

Sannan ta juyo, ta ɗaga cokalin da ke hannunta.

"Shekara biyu kana shan gahawata, Jatau. Da ka roƙa, wanga kaɗai ya ishe ka."