Tabarmin da ke Ƙarƙashin Katifar Gwaggo

"Losa, in kin gama wanke-wanke ki shiga ɗaki ki yi karatunki. Kaina ya fara."

"To, Gwaggo. Allah ya sauwaƙe."

Kullum ƙarfe biyu na rana haka ake yi a gidan. Gwaggo Kalolaine takan rufe gilasan tagar falo ɗaya bayan ɗaya, wai hasken rana ke sa mata ciwon kai. Duk unguwar Kolomotu'a an yarda da ciwon kan nan, ban da Losaline, 'yar ƙaninta da ke zaune wurinta saboda karatu. Ita ta san da an rufe taga sai a kunna talabijin ƙasa-ƙasa, a ɗora fim ɗin soyayya na ƙasar Filifin, irin mai dogon zangon nan da ba ya ƙarewa. Kuma wannan Gwaggon ce shugabar matan coci, wadda duk Laraba take tsayawa tana cewa finafinan nan ne suka lalata 'yan matan Tonga.

Losaline tana shekara ta biyu a kwaleji, tana karatun kafofin watsa labarai. Kowane mako malamarsu takan ba su abin karantawa, ta ce kowa ya rubuto shafi biyu a kan abin da ya karanta da inda ya gan shi a rayuwarsa. Tun da yarinyar nan ta fara wannan karatu babu abin da ya tsira daga bakinta. In ta ga ƙawayenta na ƙungiyar waƙar coci sun jingina waya a bango suna rawar daƙiƙa goma sha biyar, sai ta taɓe baki ta ce kamfanonin waje ne ke kaɗa su. In aka sa waƙa a motar haya, sai ta yi wa na kusa da ita lakca. Ilmin wata goma sha takwas ne, amma nauyinsa ya isa.

Ranar ta shiga ɗakin kamar yadda aka ce, sai dai ta bar ƙofa a ɗan buɗe, ta ɗauki biro. Ga abin da ta rubuta:

"A gidanmu akwai wata dattijuwa, babba a coci. Idonta ba ya ganin fassarar da ake rubutawa a ƙasan fim, yaren kuma ba ta ji. Amma duk inda saurayi ya sumbaci yarinya a bakin jirgin ruwa zai tafi, sai ta mayar da wurin baya har sau uku, tana share hawaye da gefen zaninta. Wannan ya tabbatar da karatunmu na makon nan: masu fim sun mayar da mu kaji, a watsa mana tsaba mu yi ta tsattsaga ba tunani."

Malama ta ba ta tara cikin goma. A ƙasa ta rubuta da jan biro, "Kin tambaye ta?" Losaline ta ga taran, tambayar kuwa ko a jikinta. Ta ɗauki hoton takardar ta tura wa Lisiate.

Lisiate shi ne wanda za ta aura in an gama jarrabawa. A Tonga aka haife shi, amma yana ɗan shekara huɗu aka tafi da shi Brisbane, can ƙasar waje, sai bara ya dawo yana aikin haɗa wutar sola. Yaro ne mai kirki, ba ya sha, ba ya ɗaga murya, sai dai yarensa na gida duk huji ne, al'adarsa ma haka. Iyaye sun amince. Saura wadda ta fi su duka. Gwaggo ce fahu, babbar yayar uba, wadda ta raɗa wa Losaline suna, wadda in ta ce a'a ko uban yarinya ba ya ɗaga ido. Tabarmin biki da zannuwan ɓawon itace da ta tara shekara da shekaru suna shimfiɗe a ƙarƙashin katifarta, har gadon ya yi tudun da sai ta taka kujera take hawa. Ranar da ta ɗaga katifar nan, ranar aure ya tabbata.

Ran Lahadi bayan coci, Feleti mahaifin Losaline ya zo daga Kolonga da doya da ƙunshin lu, naman rago a ganyen gwaza da madarar kwakwa, kamar yadda yake kawo wa yayarsa duk mako. Aka shimfiɗa a baranda, Gwaggo a can sama, Feleti a can ƙarshe, Lisiate a tsakiya yana neman inda zai sa baki ya burge. Losaline tana kicin tana kankare kankana, sai ta ji muryarsa.

"Gwaggo, ba ku san 'yarku ba ne. Tara cikin goma fa aka ba ta. Bari ma ku ji."

Ya buɗe waya yana karantawa yana fassarawa da gurgun Tonganci, yana murmushi. Kafin ta yar da cokali ta iso ƙofa, ya riga ya kai wurin sumba, ya kuma kai wurin sau uku, har wurin kaji.

A al'adar Tonga, namiji ba ya jin zancen sumba a gaban 'yar'uwarsa. Ko a talabijin aka nuno, ɗayansu ke tashi ya fita. Kowa ya tashi da sanin wannan, amma ba a koyar da shi a Brisbane. Balle a ce 'yar'uwar ce ke mayar da wurin baya tana kuka, kuma gidan nan dattijuwa ɗaya ce a cikinsa.

Feleti ya ajiye doyar da ke hannunsa. Bai kalli kowa ba ya miƙe, ya sauka daga baranda, ya shiga motarsa ya ja. Gwaggo ta gama tauna abin da ke bakinta, ta wanke hannu, ta goge.

"Wa ya rubuta?"

"Ni ce, Gwaggo," in ji Losaline.

"Kin iya rubutu." Ta miƙe a hankali. "Tabarmina za su zauna inda suke."

Lisiate ya yi tsuru-tsuru da waya a hannu. "Me na yi? Ai yabonta nake."

Losaline ta durƙushe a bakin ƙofa ta fashe da kuka.

Washegari ta kira mahaifinta. Ya ce, "Yanzu da wane ido zan kai mata abincin Lahadi? Ke da kanki kin san ba ni da baki a kan yayata. Abin da ta ce shi ke nan." Ya kashe.

Da yamma suka haɗu da Lisiate a bakin teku, kan katangar da ke tare ruwa.

"Sori, Losa. Rantsuwa ban sani ba."

"Ba ka sani ba — to wa ya ce ka karanta?"

"Wa ya ce ki rubuta?"

Gaskiya ce, kuma ta yi mata zafi.

"Ji nan," ya ce. "Mu bar wannan dirama. Ki gama jarrabawa mu wuce Brisbane. Ofis ɗaya za mu shiga, minti ashirin, an ɗaura aure. Ba fahu, ba tabarma."

"In na haihu fa, wa zai raɗa suna? Ofis ɗin?"

"To sai yaushe?"

"Ban sani ba. In ba za ka iya jira ba, jirgi na tashi kullum."

Ta faɗa ne da ƙarfin hali, amma da ta juya gida tsoro ne fal cikinta, don tana sonsa ƙwarai, kuma ta san jirgin na tashi da gaske.

Lisiate bai hau jirgin ba. Ya je ya tambayi tsofaffin danginsa yadda ake yi. Ran Asabar da safe sai ga shi a tsakar gidan Gwaggo, ya ɗaura tsohuwar tabarma yagaggiya a ƙugu, ya rataya ganyen itacen ifi a wuya, alamar mai laifin da ya zo neman gafara. Ya zauna a ƙasa cikin rana, kai a sunkuye. Gwaggo ta fito da tsintsiya ta share gabansa, ta share bayansa, ta koma ciki. Da la'asar ya tashi ya tafi. Wata Asabar ya dawo. Maƙwabta suka fara fito da kujeru suna kallo, har wata ta ce wannan ya fi na Filifin daɗi.

A cikin gida kuwa ba faɗa, ba zagi. Losaline na dafawa, Gwaggo na ci. Abu ɗaya ne ya canja: ƙarfe biyu tagogi a buɗe suke, an lulluɓe talabijin da zani. Gwaggo takan zauna a kujerarta, hannu a cinya, tana kallon bango har a buga ƙararrawar coci. Da farko Losaline auren kawai take wa kuka. Daga baya zaman nan na ƙarfe biyu ya fi damunta, don ta gane awa ɗaya tal matar nan take da ita tata ta kanta a yini, ita kuma ta ƙwace ta saboda maki tara.

Ana cikin haka malama ta ba su wani karatun da ya saɓa wa na farko. Shi cewa yake mai kallo ba buhu ba ne da ake ɗura wa kaya, kowa da nasa labarin yake zuwa gaban allo. Losaline ta zauna za ta rubuta shafi biyunta, ta kasa ko layi ɗaya. Ta zaro tsohuwar takardar, ta sake karanta jan biron da ke ƙasa.

Asabar ta tara, Lisiate na zaune a waje ya yi baƙi ya rame. Ƙarfe biyu na bugawa Losaline ta tashi ta rufe tagogin da kanta, ɗaya bayan ɗaya. Ta yaye zanin, ta kunna, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafar Gwaggo.

"Me kike yi?"

"Zan karanta miki fassarar, Gwaggo."

"Ba na bukata. Na san labarin."

"Ni ban sani ba." Ta sunkuyar da kai. "Wata uku ina leƙenki ta ƙofa, ban taɓa tambayarki ba. Na yi laifi, na kunyata ki a gaban Baba. Ko ba aure, ki yafe mini. Amma don Allah, me ya sa sau uku?"

Gwaggo ta zuba wa allon ido. Da ta yi magana, kamar tana ba da labarin wata can.

"Sunansa Saia. Mutumin tsibiran Ha'apai ne, yana aiki a jirgin dakon kwakwa. Babanmu ya yarda, ni kuma an fara saƙa mini tabarmi. Sai gwaggota ta ce ba ta ba ɗan jirgi, ba gona ba asali. Shi ke nan. Ranar da zai tafi na je tashar jirgi, sai na tarar da 'yan'uwana maza a wurin suna lodi. A gabansu ko hannu ba zan iya ɗaga masa ba. Na tsaya bayan buhuna kamar na zo sayen kifi, har jirgin ya ɓace." Ta nuna talabijin da haɓa. "Ita waccan ta samu ta yi sallama. Shi ya sa nake mayarwa."

Hawaye suka zubo wa Losaline. "To amma ran Laraba kina cewa —"

"Wannan aikin Laraba ne," in ji Gwaggo, ba ko murmushi. "Kaji, ko? Ni ce kazar."

"Ni ce, Gwaggo."

"Ke ce dai." Ta numfasa. "Mako tara ina zaune ina jin yadda gwaggota ta ji. Ashe ba daɗi. Wancan sakaran yana nan?"

"Yana nan."

"Saia mako biyu ya jira. Ban ga laifinsa ba, amma mako biyu ne."

Ta dafa kafaɗar Losaline ta miƙe, ta fita tsakar gida. Maƙwabta suka gyara zama. Ta tsaya a kan Lisiate, ta sa hannu ta cire ganyen ifin daga wuyansa, ta ajiye a gefe.

"Tashi, ɗan Brisbane. Daga yau in za ka karanta abu a gaban mutane, ka fara duba wa ke zaune. Je ka wanke fuska ka tsaya a bakin ƙofa, akwai kaya da za ka ɗauka. Ke kuma ki gaya wa ubanki na gaji da cin doyar kasuwa."

Gwaggo da Losaline suka ɗaga katifar. Suna zarowa suna miƙa masa, har suka kai ta can ƙasa, wata lallausar tabarma da ta yi ja don tsufa, wadda aka saƙa shekara arba'in da ɗaya da suka wuce ba a taɓa ɗaurawa ba. Ita ce Losaline ta ɗaura a ƙugu ranar da aka kai ta coci, Feleti na can ƙarshen rumfa yana share ido, yayarsa na can sama a kujerar fahu.

Abin lura a nan, 'yan makaranta, karatu yakan nuna maka abin da mutum yake yi, amma dalilinsa sai ka sauke kai ka tambaye shi. Wanda kuma ya ɓata da gaggawa, sai ya yi haƙurin gyarawa, ko mako tara ne a rana.

Gwaggo ta yi ta mita wai gadonta ya koma na yara, tana kwanciya kamar a ƙasa. Losaline kuwa, ko bayan ta tare, kullum takan zo kafin ƙarfe biyu. Ba a daɗe ba unguwa ta samu labari cewa ciwon kan nan ya kama mutum biyu.